Idan matuƙin jirgi ya yi shiru a sararin Katsina, wa zai sani, kuma me za a yi?

Abban Khadija: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na kai Hajiyarmu allurar rigakafin maniyyata, bana ce tafiyarta ta farko, ko ƙofar jirgi ba ta taɓa takawa ba. Da muka wuce ta wajen filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua sai ta ce mani, "To shi direban in barci ya sace shi can sama, wa zai tashe shi?" Na ce mata su biyu ne, ta ce, "In su biyun ne fa?" Na rasa amsa. Da dare na shiga bincike, na ci karo da labarin wani ƙaramin jirgi a Amurka a watan Yunin 2023, wanda matuƙinsa ya daina amsa kira, jirgin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai har ya ratsa sararin Washinton. Aka tayar da jiragen yaƙi suka bi shi, suka hango matuƙin ya kife a kujera, suna kallo har ya faɗi a duwatsun Bajiniya, mutum 4 suka rasu. To idan a Amurka haka aka ƙare, mu nan fa? Baba Hasumiya, ku da kuka yi aikin, don Allah ku yi mana bayani.

Baba Hasumiya: Wa alaikumus salam. Allah ya kai Hajiya lafiya ya dawo mana da ita lafiya. Tambayarta ta mai hankali ce, kada ka raina.

Da farko ku sani, hasumiyar da kuke gani a filin jirgin Katsina ba ita ke riƙe da duk jirgin da ke wucewa ta samanku ba. Ita nata shi ne masu sauka da masu tashi da waɗanda ke kusa. Waɗancan da kuke hangowa can ƙololuwa suna jan farin layi, da cibiyar Kano suke magana, ƙarƙashin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya. Kudu kuma Legas ke riƙe da ita. Jirgi na ƙetare iyaka ta wajen Jibiya sai a miƙa shi ga Yamai. Duk miƙawa kuwa sai matuƙi ya canja mitar rediyo, kuma a nan ne mafi yawan shiru ke faruwa: an faɗa mashi lamba ya juya wata, ko ya rage murya ya manta. Saboda haka in jirgi ya yi shiru, ba mutuwa muke fara kawowa a rai ba.

Za ka sake kira, ka sake. In babu amsa ka koma mita 121.5, wadda duniya ta ware don gaggawa, manyan jirage kan bar rediyo na biyu a kanta. In shiru, ka roƙi wani jirgin da ke kusa ya kira maka shi, don wanda ke sama ya fi wanda ke ƙasa isar da murya. Ka buga wa wanda ya miƙo maka shi ka ce ya duba ko yana wurinsa har yanzu. Ka sa a nemi kamfaninsu, don suna da hanyar tura rubutaccen saƙo har ɗakin tuƙi. Akwai kuma wata dabara: ka ce, "In kana ji na, karkata dama," ka zuba wa na'urar rada ido. In ya karkata, ka san kunne na aiki, baki ne ya mutu. Shi ma matuƙi yana da lambobin da zai saka mu gani ba sai ya yi magana ba: 7600 rediyo ta lalace, 7700 yana cikin hatsari, 7500 an yi fashin jirgin. Duk wannan ana yi ne ana kwashe sauran jirage daga gabansa, kamar yadda ake buɗe wa motar da burki ya tsinke hanya. In abin ya ƙi, sai a sanar da sojan sama da masu aikin ceto.

Maman Ilham: Baba, ya taɓa faruwa a hannunku?

Baba Hasumiya: Ya faru, 'yata. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe 2, jirgin kaya ne ya shigo daga arewa. Na kira shi sau uku, shiru. A lokacin muna rubuta bayanin kowane jirgi a 'yar siririyar takarda, tasa tana hannuna, sai da gumi ya jiƙa ta duk da sanyin da ake yi. Shayin da yaro ya ajiye mani ya huce ban kurɓa ba. Minti 11 aka ɗauka kafin wani jirgin fasinja ya samo mani shi a mitar da ya baro. Ya dawo yana ba da haƙuri kamar ba komai. Shi a wurinsa lamba ɗaya ce ya kuskure, ni kuwa a minti 11 ɗin nan ba irin tunanin da ban yi ba.

Ɗan Kusugu: Allah ya ƙara girma, Baba, amma ni duk wannan kira-kiran bai gamsar da ni ba. Jirgi na cin kilomita 13 ko fiye a minti ɗaya. Kafin a gama kiran wane ya kira wane, ya bar Kano ya iso kan Daura. In an tabbata babu mai tuƙi, me ake jira? A harbo shi a daji kafin ya sauka a kan kasuwa. Mun ga abin da ya faru a Gwammaja a 2002, mutane na zaune a gidajensu jirgi ya rufto masu. Wanda ke ƙasa bai sayi tikiti ba.

Baba Hasumiya: Na Gwammaja daban ne, ɗana. Wancan jirgin tashinsa ke nan daga filin Malam Aminu Kano ya faɗi, ko da jirgin yaƙi na tsaye da injin a kunne ba abin da zai iya. Kada mu haɗa su. Amma riƙe maganar harbin, za mu dawo kanta. Bari Anti Nas ta fara faɗa mana abin da ke sa mutum biyu masu lafiya su sume lokaci ɗaya, don na ga tana rubutu.

Anti Nas: Na gode, Baba. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne ƙarancin iskar oksijin ba ya zuwa da zafi. Mutane na zaton za ka ji kamar an shaƙe ka. A'a. Mun sha ganin majinyaci, ka maƙala mashi ɗan abin awo a yatsa ka ga lamba ta yi ƙasa sosai, leɓensa ya fara duhu, ka tambaye shi ya jiki ya ce maka da sauƙi, har yana murmushi. Ƙwaƙwalwar da za ta gaya mashi akwai matsala ita ce ta fara tafiya.

Cikin jirgi ana cusa iska ne a matse, ta yadda ko yana ƙafa 35,000 jikinka zai ji kamar kana kan tudu mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000. In wannan matsin ya zube a can sama, abin da ya rage wa mutum na cikakken hankali bai wuce daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ba. Ku tuna masu yasar rijiya. Na farko ya shiga ya yi shiru, na biyu ya bi shi don ya ceto shi, shi ma ya yi shiru. Shi ya sa ake cewa ka fara saka naka takunkumin kafin na ɗanka. Uwa za ta ji maganar kamar rashin tausayi, alhali in ta sume babu mai saka wa yaron.

Baba Hasumiya: Madalla. Misalin da ake koyar da kowa da shi shi ne jirgin kamfanin Helios, ranar 14 ga Agustan 2005, Boeing 737 da ya tashi daga tsibirin Saifurus zai biya ta Atina, babban birnin Girka. Injiniyoyi sun gwada na'urar matsa iska kafin tashi, aka bar maɓallinta a kan aikin hannu maimakon a mayar da shi na otomatik. Matuƙan sun bi jerin binciken da ake yi ba su lura ba. Suna hawa ƙararrawa ta kama kuka, amma kukanta iri ɗaya ne da na wani gargaɗin da ke yi a ƙasa kawai, sai suka ɗauka na'ura ce ta rikice. Kyaftin ya kira injiniyan kamfani, injiniya ya tambaye shi a sarari ko maɓallin nan yana kan otomatik, shi kuwa ya amsa da wata tambaya daban. Kun ga abin da Anti ta faɗa, hankalin ya riga ya fara gushewa. Daga nan ba a sake jin muryarsa ba.

Jirgin ya haye ƙafa 34,000 da kansa, ya isa sararin Atina, ya kama zagaye a wuri ɗaya kamar yadda aka tsara wa na'ura. Girka ta tayar da jiragen yaƙi ƙirar F-16 guda biyu. Suka matso suka leƙa: kujerar kyaftin babu kowa, mataimakinsa ya kife, takunkuman fasinjoji na reto. Can sai suka ga wani ya shigo ɗakin tuƙi. Ma'aikacin jirgin ne mai hidimar fasinja, wanda ya yi karatun tuƙi, ya rayu da kwalaben oksijin na hannu. Ya zauna, ya yi kiran neman agaji, ba wanda ya ji shi don rediyon na kan mitar da suka baro tun farko. Mai ya ƙare, injin ɗaya ya mutu, ɗayan ya bi. Suka faɗi a tsaunuka kusa da ƙauyen Giramatiko, mutum 121, babu wanda ya fita.

Ga abin da nake so ku riƙe: jirgin yaƙi ido ne, ba hannu ba ne. Zai iya zuwa ta hagun jirgi ya kaɗa fikafikai, ma'ana "an tare ka, biyo ni". Zai iya kunna fitilu, ya saki wuta mai haske don ya ja hankali, kamar yadda suka yi a na Washinton. Zai iya gaya mana ko tagogi sun yi ƙanƙara, kamar yadda aka gani a jirgin ɗan wasan golf Payne Stewart a 1999, wanda ya yi kusan awa 4 yana tafiya babu mai motsi a ciki. Amma ba zai iya miƙa hannu ya saka wa matuƙi takunkumi ba. Mutum 121 ɗin nan, ceton su yana ƙasa ne, a kan maɓalli ɗaya, kafin a rufe ƙofa.

Ɗan Kusugu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Amma Baba ai wannan ya ƙara mini hujja. Kusan awa 3 jirgi na yawo, ƙarshe a kan babban birni. Da a tsakiyar gari ya faɗi fa? Sa'a ce kawai aka yi.

Malam na Gobarau: Ɗan Kusugu, yi a hankali da wannan kalma ta "an tabbata". Wa ya tabbatar? Ka ji da kunnenka akwai mutum mai rai da ya shiga ɗakin tuƙi a ƙarshen lokaci. Da sun harbe shi minti 10 kafin nan, da sun kashe wanda ke ƙoƙarin ceto. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ba a gusar da cuta da cuta irinta. Mutuwar waɗanda ke cikin jirgi in ka harba yaƙini ce, faɗawarsa kan jama'a kuwa zato ne. Ba a zubar da jinin da aka tabbatar saboda abin da ake tsammani. Sumamme ba matacce ba ne.

Barista Sabon Layi: Malam ya yi daidai, kuma doka ma kusan nan ta tsaya. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu a 1983, wanda ya kauce hanya, mutum 269 suka mutu, sai a 1984 aka ƙara wani sashe a yarjejeniyar Chikago ta sufurin sama, cewa ƙasashe su guji amfani da makami a kan jirgin farar hula da ke tafiya. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 Jamus ta yi dokar da ta ba gwamnati damar harbo jirgin da aka sace in za a mai da shi makami. A 2006 kotun tsarin mulkinsu ta soke wannan sashe, ta ce hukuma ba ta da ikon ɗora rayukan fasinjojin da ba su ji ba su gani ba a sikeli ta ce waɗannan sun fi waɗancan arha. Ban ce babu ƙasar da ta tanadi wannan mataki ba, Amurka ta tanada, amma ko a na Washinton ba su harba ba.

Ɗan Kusugu: Na ji, Malam, na ji, Barista. Amma in 7500 ce fa? In ɗan ta'adda ne a kujera ya nufi gari da gangan?

Barista Sabon Layi: Wannan ita ce mai wuyar, ba zan ce maka tana da sauƙi ba. Sai dai ka tuna ba kowane fashi ne na ƙunar baƙin wake ba. A Oktoban 1993 wasu samari huɗu suka ƙwace jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, saboda soke zaɓen 12 ga Yuni, suka karkatar da shi ya sauka a Yamai. An kwana ana tattaunawa, daga baya sojojin Nijar suka kutsa, mutum ɗaya ya rasa ransa, sauran fasinjoji da ma'aikata suka koma gida. Da ranar an bi shawarar harbi, gawa nawa za a kwasa?

Alhaji Mai Sharon: Ni ku bar ni da tambayar Hajiya ta asali, ta barci, don ita na sani. Shekara 20 ina bin hanyar Katsina zuwa Kano. Wata rana na yi sawu uku, a na ƙarshe tsakanin Kankiya da Tsanyawa idona a buɗe yake amma ba na nan. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta dawo da ni, na tarar rabin mota ta sauka daga kwalta, da mutum tara a bayana. Tun ranar ban ƙara sawu na uku ba ko nawa za a ba ni. Barci ba ya sallama. Shin su ma matuƙan yana kama su haka?

Baba Hasumiya: Yana kamawa, Alhaji. A Agustan 2022 jirgin Habasha da ya taso daga Khartum zuwa Adis Ababa ya wuce ta kan filin saukarsa yana ƙafa 37,000, ana ta kira ba amsa. Matuƙan biyu barci suke. Ƙararrawar da ta yi kuka lokacin da na'urar tuƙi ta saki jirgin ita ta tashe su, suka juyo suka sauka lafiya bayan kamar minti 25, aka dakatar da su. A Indonesiya ma an yi irinsa a Janairun 2024, su biyu suka yi barcin minti 28. Shi ya sa doka ta ƙayyade awannin da matuƙi zai yi aiki da hutun da dole ya samu, kuma a nan gida NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ce ke da alhakin bin wannan. A doguwar tafiya akan ƙara matuƙi don a riƙa karɓeɓeniya. Ka ga shawarar da ka yanke wa kanka ta barin sawu na uku, ita ce su aka rubuta masu a doka.

Maman Ilham: To me zai hana a bar ƙofar ɗakin a buɗe, masu hidima su riƙa leƙawa?

Baba Hasumiya: Nan ne tsaro da ceto suke karo. Bayan 2001 aka mai da ƙofar nan ta ƙarfe, mai lambar sirri, kuma na ciki na iya hana na waje shiga ko da ya san lambar. An yi don ɓarawo, sai ga shi a Maris na 2015 mataimakin matuƙin jirgin Germanwings ya jira kyaftin ya fita, ya kulle, ya saukar da jirgin kan duwatsun Faransa da mutum 150. Ana kiransa daga ƙasa yana ji bai amsa ba, kyaftin na dukan ƙofa. Daga nan aka ce dole a samu mutum biyu a ɗakin kowane lokaci, in ɗaya zai zaga mai hidima ya shiga ya zauna. Kamfanonin Jamus suka janye wannan a 2017. Ni dai a ganina kuskure ne. A 2024 wani jirgin Lufthansa mai zuwa Sifaniya ya yi kamar minti 10 babu mai tuƙi, kyaftin ya fita, mataimaki ya sume shi kaɗai a ciki. Allah ya kiyaye aka sauka a Madrid. Da akwai mutum na biyu a zaune, ai da daƙiƙa kaɗan ƙofa ta buɗe.

Ɗan Kusugu: Saura tambaya ɗaya da ba a amsa mini ba. Mu nan bakin iyaka muke, Kongolam na nan kusa da mu. Jiragen yaƙi ƙirar JF-17 guda uku aka ƙaddamar a Makurɗi a 2021, daga can zuwa nan kusan kilomita 600 ne. In jirgi ya shigo daga Nijar ya yi shiru, kafin a taso ai ya wuce. Ni abin da nake nema a ajiye masu saurin nan a arewa maso yamma.

Baba Hasumiya: A wannan ba na jayayya da kai, neman a kusanto da ido abu ne mai kyau. Amma in aka ce in zaɓi inda za a fara zuba kuɗi, zan ce rediyon da muryarta ke kai ko'ina ba tare da gurbi ba, da rada mai aiki dare da rana, da layin waya tsakanin Kano da Yamai da ba ya yankewa ko gwamnatoci sun yi faɗa, sai isassun ma'aikata daga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya don kada mutum ɗaya ya kwana yana kallon allo har idonsa ya mutu. An ƙaddamar da aikin rada na ƙasa baki ɗaya tun 2010, na'ura kuwa tana tsufa kamar mutum, sai da kulawa.

Abban Khadija: Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Yanzu na dawo daga wajen Hajiya, na karanta mata wasu daga ciki. Na ɗauki murfin kofi na nuna mata yadda za ta rufe hanci da baki in abin ya faɗo daga sama. Ta ce in tambayi Baban nan, in ta saka, har tsawon wane lokaci iskar za ta kai ta, kuma me za ta yi in ta ji jirgin na gangarowa da ƙarfi?

Baba Hasumiya: Ka gaishe ta da kyau. Ka ce mata ta fara jawo takunkumin zuwa fuskarta da ɗan ƙarfi, jan ne ke kunna shi, sannan ta zarga robar a bayan kai, ko a kan hijabi ne. Ko jakar ba ta kumbura ba iska na zuwa, kada ta cire. Yakan kai minti 12 ko fiye, matuƙi kuwa 'yan mintoci yake buƙata ya sauko ƙafa 10,000 inda ake numfashi ba taimako. In ta ji ana gangarowa da sauri bayan takunkumi ya faɗo, alama ce matuƙin na farke yana aikinsa. Ta ɗaure bel, ta saka nata, sannan ta duba ta kusa da ita.